Tsohuwa Ta Shiga Bayan Rana

Alhamis

Zuwa ga Kawuna Mai Rediyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya kunnen? Yaya Nas ta ce na hagun ma ya fara bin sahun na dama, kuma har yanzu ka ƙi sa na'urar jin da aka ba ka, wai tana maka ƙaiƙayi. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara wa jama'a abin saurare! Ni a jiki lafiyata ƙalau. In ta bugo maka wannan takarda a asibitinsu ta kawo ranar Asabar kamar yadda ta saba, don Allah ka karanta kai kaɗai. Ko Inna ban gaya wa ba. Kai ɗan ƙanin kakata ne, zumuncin da sai an zauna an ƙirga, amma duk dangi babu mai gane abin da na aikata sai kai.

Ka tuna abin da ka koya mini a shago? Ka ce can sama akwai wani rufi, iska ce da rana ta caje da lantarki, muryar gajeren zango takan buge shi ta dawo ƙasa, shi ya sa muke kama tashoshin nesa bayan magariba. To, duniyar Mars ma tana da irin rufin nan, kuma kumbonmu yana zagaye a samansa. Tsohuwa muke ce wa kumbon, don ta shekara ashirin tana aiki. Kai daga ƙasa kake ƙwanƙwasa rufin, mu daga sama. Na'urar rada da ke jikinta takan aika ƙara, mita bayan mita, kamar mai murɗa maɓallin neman tasha, sai ta kasa kunne ta ji amsa-kuwwa. Daɗewar amsar ke gaya mana nisan rufin, mitar da ta dawo kuma ke gaya mana yawan cajin. Aikina shi ne rubuta mata jerin umarni: kunna rada ƙarfe kaza, kashe ƙarfe kaza.

Doka ɗaya ce ba a takawa. Ba a kunna rada in Tsohuwa ta shiga inuwar Mars, domin a can sola ba ya aiki, batirinta kuma ya tsufa, ba zai ɗauki nauyin ba.

Shekaranjiya Talata Mars ta shiga bayan rana. Kwana goma sha bakwai ba ma jin Tsohuwa, ba ta jinmu. Kafin nan muka loda mata umarnin kwanakin duka. Jiya ina share tarkacen kwamfutata sai na ga jadawalin inuwa guda biyu, tsoho da sabo. Ashe tun da aka ɗan gyara mata hanya a watan jiya, lokacin inuwar ya gusa da minti arba'in. Kawu, da tsohon na yi aiki. Sau bakwai rada za ta kunnu a cikin duhu. Na sake lissafin sau uku ina fata in ƙaryata kaina.

In an yi sa'a, da ta ji batir na faɗuwa za ta kashe komai, ta juya ga rana, ta bar ƙaramar eriya kaɗai tana saurare. Ba a iya yi mata magana a haka sai da wata babbar eriya ta nan ƙasa mai kama da faranti, ita kuwa layi ake bi, dole a nema kafin azahar ɗin Litinin ta sama, ba wannan mai zuwa ba. In ba wanda ya sani, ranar Juma'ar da za ta fito za mu kira ta yadda aka saba, mu ji shiru, mu ɓata kwanaki muna lalube. Dogayen inuwoyi kuwa kwanaki kaɗan bayan fitowarta suke farawa. Za ta mutu muna kallo.

Za ka ce to ki faɗa mana. Ga inda gizo ke saƙar. A nan ba a aika umarni sai da sa hannu biyu, na mai rubutawa da na mai dubawa. Mai duba nawa wani dattijo ne da muke kira Mai Jan Biro, shekara talatin ba a taɓa kama shi da kuskure ba, saura wata uku ya yi ritaya. Ran nan aka bugo masa waya an kwantar da matarsa. Yana tsaye da jaka a hannu, ni na ce masa, “Baba, sa hannu kawai ka tafi, na duba sau biyu.” Ya sa. In na buɗe baki, ba ni kaɗai zan faɗi ba.

Tsoro nake ji, Kawu, irin wanda ban taɓa ji ba. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin aljihun tebur. Tunani nake in miƙa ta in tattara kayana in dawo gida kafin ranar.

Taka,
’Yar Eriya

*

Asabar

’Yar Eriya,

Na gaishe ki. Kunne yana nan inda kika bar shi, ado ne kawai. Na karanta takardarki sau biyu. Yayarki na tsaye a kaina da makullin mota a hannu, wai an kira ta aiki, don haka ba zan tsawaita ba.

Kada ki yi gaggawa. Kada ki miƙa wa kowa komai. Ki ci abinci, na san halinki. Akwai labarin da zan rubuto miki a kan rediyon nan mai ruwan ƙasa da ke saman kantar shago, amma ba labarin tsaye ba ne. Zan zauna in rubuta shi cikin makon nan.

Kawunki

*

Lahadi

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Allah ya ƙara lafiya. Na ci abinci, kada ka damu, ko da yake ban san ɗanɗanonsa ba.

Da na ga ka ce kada in yi gaggawa, kada in miƙa wa kowa komai, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na gane. Ni ma abin da zuciyata ke raya mini ke nan: in yi shiru in ga abin da Allah zai yi. Wa ya sani, ko batirin ya fi yadda muke zato ƙarfi? Tsohuwa ta sha ba mu mamaki. In ta fito lafiya, wa zai koma ya tono jadawalin da ya wuce? Da na tayar da ƙura a banza, na ɓata wa dattijo suna a banza.

Sai dai shirun ma ba sauƙi. Ranar Juma'a aka yi taron mako a ɗakin sarrafawa. Akwai wani allo a bango da ke nuna ƙarfin muryar Tsohuwa, yanzu layi ne miƙaƙƙe, babu ko motsi. Kowa na raha, ana cewa ai hutu muka samu. Shugabarmu, mace ce mai fara'a amma ba ta tambaya sau biyu, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: “Akwai abin da ke damun wani game da lodin da aka yi?” Da ta iso kaina na ce babu. Na ji muryata kamar ta wata.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne Mai Jan Biro. An sallami matarsa, ta samu sauƙi. Ya same ni a bakin na'urar shayi ya ce, “’Yata, ban manta da abin da kika yi mini ran nan ba. Da na tsaya duba layi ɗari huɗu, da an shiga da ita ɗakin tiyata ban gan ta ba.” Har ya ba ni ɗaya daga cikin jajayen bironsa, wai in ajiye, ni ce magajiyarsa. Na karɓa na ce na gode. Na shiga banɗaki na kulle, na daɗe ban fito ba.

Bisa lissafina, yau da hantsi aka yi kunnawa ta biyu a cikin duhu. Ina zaune ina kallon agogo har mintocin suka wuce. Ban san ko da rai take ba.

Ina jiran labarin rediyon. Ita ce wadda ka fara buɗe mini cikinta ina ’yar shekara tara, ko? Wadda ko an taya ba ka sayarwa.

Taka,
’Yar Eriya

*

Lahadi da safe

Kawu,

Lafiya kuwa? Jiya Asabar tun safe nake duba waya, babu takardarka. Na kira Yaya Nas sau biyar ba ta ɗauka ba. Ko jikin ne? Ko kuwa ka sake karanta abin da na rubuta ka ga ban cancanci amsa ba? In fushi kake, gara ka zage ni a rubuce.

Mako guda ke nan ina bin shawararka, ban ce wa kowa uffan ba. Na rame, siket ɗina sai da na sa masa fil. In an buɗe ƙofar ofis gabana ya faɗi. Kunnawa bakwai ɗin duk sun wuce, abin da zai faru ya riga ya faru can, ni kaɗai ce a duniya na sani. Gobe da azahar za a rufe karɓar buƙatar babbar eriya. Na cike fom ɗin na goge, na cike na goge.

Tsohuwa shiru, kai ma shiru. Don girman Allah ka ce wani abu.

’Yar Eriya

*

Lahadi da la'asar

’Yar Eriya,

Lafiyata lau, kwantar da hankalinki ta wannan wajen. An riƙe yayarki a aiki kwana biyu, ba ta zo ba. Da na ga haka yau na sa hula na hau motar haya na zo asibitin da kaina, ni da na shekara biyu ban tsallaka babban titi ba saboda ba na jin hon. A kan bencin masu jira nake rubuta wannan. Nan ta ba ni takardunki biyu, na karanta.

Ke! Yaushe na ce ki yi shiru? Takardar ajiye aiki nake nufi, ita na ce kada ki miƙa, kada ki gudo gida. Laifina ne, na yi rubutu ana tsaye a kaina, na ba ki rabin magana kika yi mako kina tauna. Yanzu ga sauran.

Rediyon mai ruwan ƙasa ba tawa ba ce. Ta wani tsohon tela ce da idonsa ya mutu. Tun da ya daina ganin ramin allura ba shi da abokin hira sai ita. Ya kawo ta don maɓallin ƙara ya lalace, aikin minti goma. Ina hira da maƙwabci ina aiki, na juya wayoyin wuta, na ji ƙauri. Na ƙona ta da hannuna. Ƙa'idar sana'armu kuwa sananniya ce: in ka ƙona ta mutum, ka ba shi taka ya riƙa ji har ka gyara. Tawa sabuwa ce, ina sonta, kuma ana kirana gwani a layin. Da ya dawo na ce masa, “Baba, ai a mace ta zo, cikinta ya daɗe da lalacewa.” Ya ce, “Ikon Allah. Da safe fa ta yi magana. To ajiye ta, ko za ka samu kayan gyara.”

Kowace Laraba ’yarsa takan riƙo masa sanda su zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Mai gyara, ta farfaɗo?” In ce tukuna. A lokacin kayan irinta ba sa samuwa, gaskiya ne, amma tawa tana nan a bayana tana waƙa, yana jinta. Wata biyar yana zuwa. Wata Laraba ba su zo ba, ta gaba ma haka, sai na ji ya rasu.

Shekara talatin da huɗu ke nan. Babu wanda ya kama ni, kuma ki lura da wannan da kyau, domin shi kike roƙo a takardarki. Na samu abin da kike roƙo. Kayan gyaran sun shigo kasuwa daga baya, na kasa taɓa ta. Ran da kika nuna ta da yatsa kika ce in buɗe miki, na buɗe ne don ba abin da za ki ɓata a cikinta. Duk abin da kika fara sani na wannan ilimi, a cikin gawar rediyon tela kika koye shi.

Ni nawa mai rediyon ya tafi, ke taki mai yiwuwa tana can ta kasa ƙaramin kunne tana jira a kira ta. Batun dattijo kuwa, kada ki yanke masa hukunci a bayan idonsa. Hannunsa ne a takardar, shi ya sa, ba ki kama masa yatsu ba. Ki fara zuwa wurinsa da sassafe, kafin shugaba. Mutumin da ya shekara talatin yana kama kuskure ba zai gode miki ba in kika ɓoye masa mafi girma.

Tsoron ba zai tafi ba, ki tafi da shi a haka. Yayarki za ta ɗauki hoton wannan ta turo yanzu, ina tsaye a kanta ni ma.

Kawunki

*

Asabar

Kawuna,

Gaisuwa da ban-gajiyar hanya. Yaya Nas ta ce da kanta ta mayar da kai gida, kuna faɗa har ƙofa. Ka yafe mini, ni na fito da kai titi. Na jinkirta amsa ne don in samu abin faɗa.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai na tare Mai Jan Biro a wurin ajiye motoci. Na ba shi jadawalin biyu. Ya ɗora su a kan bonet ɗin motarsa, ya ciro biro, ya bi layi-layi. Na ga wuyansa ya yi ja. Ya ce, “Tun yaushe kika sani?” Na ce kwana goma sha biyu. Kawu, kallon da ya yi mini gara mari. Ya ce, “Kuskuren namu ne mu biyu. Kwana goma sha biyun naki ne ke kaɗai.” Sai ya kwashi takardun ya ce in wuce gaba.

Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Ta saurare mu, ta dubi agogo, ta ce, “Faɗa sai an jima. Wa ya iya cike fom ɗin babbar eriya?” Na ce ni, na hardace shi. Fom ɗin ya shiga saura awa biyu a rufe. Daga nan kwana huɗu muna shirya umarnin gaggawa, kowane layi mutum uku ke dubawa, ni kuma an ce in zauna in kalla, kada in taɓa.

Jiya Juma'a aka kira Tsohuwa yadda aka saba. Shiru. Da ban faɗa ba, a nan za mu tsaya. Aka juya babbar eriya, aka aika kira a hankali zuwa ƙaramar eriyarta. Saƙo kan yi minti ashirin da wani abu kafin ya isa, amsa ma haka. Minti arba'in da biyar ɗakin nan ba mai tari. Na riƙe gefen kujera har farcena ya karye ban sani ba. Sai layin nan miƙaƙƙe ya yi ɗan tsalle, ƙanƙani, kamar bugun zuciyar jariri. Wani ya yi ihu. Ni dai sai na saki kujerar.

Tana da rai. Tun kunnawa ta uku ta kashe komai ta juya ga rana, batirin ya kusa ƙarewa. Masu lissafi sun ce da an ƙara kwana uku ana lalube, doguwar inuwa ta farko ta gama da ita.

Amma ba a tashi lafiya lau ba. Faɗuwar wutar ta lalata sashen rada mai aika ƙara. Tana ji, ba ta iya kira. Ba za a ƙara ƙwanƙwasa rufin nan daga sama ba, sai dai a saurari abin da ya taso da kansa. Aikin shekara ashirin, ni na rufe masa baki. An cire ni daga rubuta umarni, kwamiti zai zauna a kaina wata mai zuwa, ban san ko za su bar ni ba. Mai Jan Biro ya rubuta da hannunsa cewa ya sa hannu bai duba ba, zai yi ritaya da wannan a fayil ɗinsa. Yana amsa gaisuwata, amma ya daina ce mini ’yata. Na kai masa bironsa, ya ce in riƙe, yanzu ne nake buƙatarsa.

Har yanzu ina jin tsoro, amma jiya na ci abinci na ji gishiri.

Taka,
’Yar Eriya

*

Asabar

’Yar Eriya,

Na gaishe ki, na kuma gode Allah da Tsohuwa ta amsa. Ki gaishe ta, ki ce wani tsoho ya ce su yi musaya, ita tana ji ba ta magana, ni ina magana ba na ji. Kwamiti kuwa ki shiga ki faɗa musu yadda kika faɗa mini, har da kwana goma sha biyun. In sun kore ki, shago na nan.

Ranar Litinin na sa kujera na sauko da rediyon. Abu biyu ne kacal suka ƙone, kafin azahar na gama. Na kunna, fitilar ta kama, amma ban san ko tana magana ba. Sai na ɗora tafin hannuna a kan lasifikar, na ji tana rawa.

’Yar telan tana nan da rai, ta tsufa, tana bayan tashar mota wurin ɗanta. Ranar Laraba na naɗe rediyon a tawul na kai mata. Na faɗa mata komai a tsaye a bakin ƙofa, yadda ubanta yake tsayawa a tawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana mai tsawo, hawaye na zuba. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Ban sani ba ko yafe mini ta yi ko tsine mini.

Na dawo gida na nemo na'urar jin nan a cikin aljihun tebur na sa. Tana ƙaiƙayi kamar yadda na faɗa. Laraba mai zuwa zan koma in roƙe ta ta maimaita.

Kawunki